Ƙulli Bakwai na Igiyar Ardo

Zuwa ga mahaifina, Malam Hashimu, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uba yana durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima da yalwar makwanci. Na san ba a aika wa mamaci takarda, kuma ko da kana raye ni ne mai karanta maka ita. Amma tambayoyi ne suka cika mini ciki, kuma ban san wani da ya taɓa riƙe abin da nake riƙe ba sai kai. Waɗanda za su ci karo da wannan wasiƙa su yi haƙuri, maganar gida ce, sai dai ban ga amfanin ɓoye ta ba.

Gida lafiya. Surukarka Hadiza tana nan da bakinta yadda ka bar ta. Damina ta zo a makare, ta kuma yi mana tsaye a tsakiya, amma hatsi ya yi daidai gwargwado, an ɗaure, an kai rumbu. Wake ne ya ba ni kunya. Shukar farko ta ƙone, na sake wata, ita ce har yanzu ba ta ƙosa ba.

Maganar igiya ce ta kawo ni, Baba. Ka fi ni saninta, amma bari in faɗa saboda masu karatu. Kowace shekara idan an gama girbi, hukuma daga Gazawa takan faɗi iyakar lokacin sakin gonaki, amma ainihin ranar garinmu mu ke tsaida ta. Maigari ya tara dattawa gindin gawon bakin gari, kai kana wakiltar manoma, Ardo Manu yana wakiltar makiyaya. A yi ta ja har a daidaita kan kwanaki. Sai a kawo igiyar kaba biyu, ku ƙulla musu ƙulli daidai da kwanakin, ka ɗauki ɗaya, Ardo ya tafi ruga da ɗaya. Kowace safiya kowa ya kwance ƙulli guda. Ranar da na ƙarshe ya kwance, shanu su shiga gonaki su ci kara su bar mana taki, kuma wanda bai kwashe amfaninsa ba ba shi da bakin kai ƙara.

Ka tuna shekarar da na fara aikin malamin lakol, wato makarantar boko, na dawo hutu ina jin kaina? Na kawo maka kalanda mai hoton masallaci, na ce a daina wahalar igiya, duniya ta ci gaba. Ka karɓa, ka yaba hoton, ka sa aka liƙa a zaure. Sannan ka ce: "Takardar taka a bango guda take. Wagga a hannu biyu take." Na yi dariya a ɓoye, na ce tsoho ba ya son sabon abu.

Rediyonka ma tana nan, ta daina magana sai an mare ta. A gabanta ka koya mini siyasa ba tare da ka sani ba. Duk hantsin da aka ce wani shugaba a wata ƙasa ta nahiyarmu ya gyara kundin tsarin mulki don ya zarce, ko ya ɗage zaɓe, sai ka ɗago kai daga saƙar igiyarka ka tambaye ni: "To, ɗayar igiyar ga hannun wa take?" Ni kuma in gyara zama in jero maka majalisa, da kotu, da ƴan adawa, da ƴan jarida. Ka saurare ni har in gaji, sannan ka tambayi wanda yake ciyar da su. Daga nan hirar takan mutu.

Na yi shekaru ina koyarwa, daga ƙauyukan Agye har zuwa wajen Gidan Rumji, ina rubuta wa yara a allo cewa mulki na jama'a ne, kuma kowane wa'adi yana da ƙarshe. A tsawon wannan lokaci na ga masu zuwa da ƙuri'a, na ga masu zuwa da kaki, a nan gida da maƙwabta. Na ji labarin waɗanda suka sauka da ƙafarsu, na ji na waɗanda sai da aka ɗauke su. A tashar Gazawa kuwa, inda ƴan kasuwar tsallaken iyaka ke haɗuwa da namu, kowa yana zagin nasa shugaban yana sha'awar na wani. Abin da ban taɓa ganewa ba, kuma na daɗe ina son in sani, shi ne abin da ke faruwa a ƙirjin mutum ranar da ya ga kwanakin da aka ba shi ba su isa ba. Yana sanin yana cuta? Ko yana kwana da yaƙinin alheri yake yi? Na ɗauka irin waɗannan mutane wata halitta ce daban, ba irin mu masu cin tuwon hatsi ba.

Bana na sami amsa, Baba, a gonar wakena.

Tun da ka rasu maigari ya miƙo mini igiyarka. Ba wanda aka tambaya, an dai ce ɗan Malam Hashimu ne, kuma ya aje aiki ya dawo gida. Bana muka zauna gindin gawo aka daidaita kan kwana ashirin da ɗaya. Na so a ƙara saboda wakena, amma na ji nauyin faɗa, ga shi mafi yawan mutane sun gama roro. Abokinka Ardo Manu ya zo bisa jaki, ya tsufa ƙwarai. Da muka gama ya dube ni ya ce ƙullina ya fi naka kyau, amma naka ya fi wuyar kwancewa. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ciwo ya kwantar da shi bayan ƴan kwanaki, har Allah Ya karɓi abinsa. Ina fata kun haɗu, ka sami abokin gardama. Babban ɗansa Buba yana can tsallaken iyaka da garke, sai aika masa aka yi. Da ya iso ya tarar da igiyar rataye a kan gadon tsohon, ya ci gaba da kwancewa daga inda ya same ta. Abin da bai sani ba shi ne, kwana bakwai na jinya da rasuwa ba wanda ya taɓa ta. Kowa a ruga ya ɗauka wani yana yi.

Bayan addu'ar uku Buba ya zo gidana yi mini bangajiya. Mutum ne mai kunya, magidanci da furfura ta fara taɓa gemunsa, amma bai yarda ya zauna kan tabarmata ba. A cikin hira ya ce ya karɓi igiyar mahaifinsa, saura ƙulli goma sha uku. Ya ce shanu sun jigata, ciyawar burtali ta ƙare, dajin da suke tsayawa a da duk an nome shi, amma za su daure tunda haka dattawa suka ƙulla.

Tawa tana rataye a ƙusa bayan kansa, Baba. Ƙulli shida ne a jikinta. Da ya waiga da ya gani.

Ban yi ƙarya ba, ka ji abin da ya fi ba ni mamaki. Cewa kawai na yi, Allah Ya kai mu. Ya ce amin, ya tashi, na raka shi har bakin hanya. Ina dawowa lissafi ya gama kansa a kaina ba tare da na kira shi ba: kwana bakwai ƙari, daidai abin da wakena yake buƙata ya bushe. Na cire igiyar daga ƙusar zaure na kai ta ɗaka na sa ƙarƙashin katifa.

Hadiza ba ta da karatu, amma ba abin da ke wuce ta. Da ta kawo mini fura ta dubi ƙusar, ta dube ni, ta ce: "Malam, yaushe igiya ta fara jin kunyar baƙi?" Na ce ƙura ce ke ɓata ta. Ta ce to, ta aje kwano ta fita, kuma wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo.

Washegari baƙi suka yi sallama. Ashe Buba ya ambaci sha ukun nan a ƙofar masallaci, masu ƙirga kwanaki a zuci sun gane an yi kuskure. Mutum uku suka zo, ɗan ƙanenka Tanko ne ke gaba. Suka ce jama'a ce ta aiko su. Jama'a tana roƙona in bar abin yadda Allah Ya kawo shi, kada in tada zaune tsaye. Suka ce ni ban ƙara ƙulli ba, ban rage ba, igiyar Fulani ce ta faɗi haka da bakinta. Suka ce gari bai taɓa samun mai riƙon igiya mai hangen nesa kamata ba, har da kai a ciki. Ka gafarce ni, na ji daɗin wannan magana, har na sa aka kawo musu goro.

Sai da suka tafi na zauna ina tambayar kaina, wai wace jama'a ce? Na bi gari gida-gida a zuciyata. Kusan kowa ya kwashe amfaninsa, wasu ma ƙosawa suka yi shanu su shigo saboda taki. Masu waken da bai ƙosa ba su uku ne, su ne suka zo. Ni ne na huɗu. Mu huɗu ne jama'ar.

Duk da haka ban tashi ba. Zama na yi ina ƙera dalilai, kuma in gaya maka gaskiya, dalilan suna da kyau. Na ce ba don kaina ba ne, don Tanko ne mai iyali da yawa. Na ce fallasa kuskuren zai kunyata gidan mamaci. Na ce bara ma shanunsu sun taɓa gefen gonar wani ba a biya ba. Na ce zaman lafiya ya fi komai, kuma kwana bakwai ba shekara ba ce. Ina cikin jero su sai na ji kamar na san muryar. Rediyonka ce, Baba. Babu ɗaya cikin dalilan nan da ban taɓa ji daga bakin wani shugaba ba, ina zaune kusa da kai ina tsaki.

To ka ga amsar tambayata. Ba ya jin yana cuta. Ji yake yana ɗauke wa mutane nauyi, kuma kullum akwai mutum uku a zaure masu rantsuwa cewa su ne gari. Abin da har yanzu nake son sani shi ne, su waɗancan manyan, akwai mai shigo musu da fura ya tambaye su ina igiya? Ko tun farko sukan sallami irin waɗannan?

Kwana biyu na yi a haka. Kowace safiya in ɗaga katifa in kwance ƙullina, don kada in zama maƙaryaci a wurin kaina, sannan in mayar in rufe.

Rana ta uku kasuwar Gazawa ce ke ci. Na hau moto na je sayen buhunan zuba wake, ka ji ƙarfin hali. Na ratsa ta wajen masu shanu sai na hango Buba tsaye da dillali, yana riƙe da wata jar karsana mai farin goshi. Na san ta. Ita ce Ardo yake nuna wa kowa yana cewa jikar saniyar da ya gada ce, ba ta sayarwa ba ce. Na tambayi wani mai awon hatsi, ya ce ai dusa Buba zai saya, wai saura kwana goma sha ɗaya a saki gonaki, in bai sami abin ba su ba manyan shanun za su fara faɗuwa.

A igiyata saura huɗu. Kwana huɗu ko da kara da ganyen itace Buba zai iya lallaɓawa, ba sai ya taɓa garke ba.

Ina so in rubuta maka cewa na ruga na riƙe hannunsa. Ban ruga ba. Na tsaya bayan buhunan mai awo ina ce wa kaina bari in ga ko cinikin zai faɗa, wataƙila ba za su daidaita ba. Ina tsaye aka sa albarka. Ina tsaye aka ja ta zuwa babbar motar da ke lodin kudu. Da Buba ya juyo ya gan ni, ya zo ya rusuna ya gaishe ni, ya ciro goro ɗaya daga aljihu ya ba ni. Na karɓa, Baba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ba na fata in sake ji.

Ban sayi buhun ba. Na koma gida na ɗaga katifa, Hadiza tana kallona. Bayan la'asar na isa ruga. Na tarar da Buba yana sauke dusa daga amalanke. Na roƙi tabarma, na ce ya kawo igiyarsa, na shimfiɗa tawa kusa da ita. Ya bi su da yatsa, ya sake bi. Mazan ruga suka taru. Sai ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago ba, ranar da ya zo gidana ƙulli nawa ne a tawa. Na ce shida. Sannan ya ɗauki igiyar mahaifinsa ya kwance bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kowa yana gani.

Daga bayan zana mahaifiyarsa, wadda ke cikin takaba, ta yi magana. A nan ne na ji abin da ba ka taɓa gaya mini ba. Ta ce akwai shekarar da ruwa ya makara kamar bana, ka zo rugar nan da rana tsaka da igiyarka a hannu, ka ce wa Ardo manoma suna roƙon kwana biyar, kuma ka faɗa masa har da gonarka a ciki. Ardo ya zagaya shanunsa ya dawo ya ce uku zai iya. Kuka ƙara ƙulli uku-uku a gaban kowa, ka yi godiya ka tafi. Me ya sa ba ka ba ni wannan labari ba? Ka ɗauka ba sai an faɗa ba? Ni da na ɗauka igiya ba a ƙara mata, ashe ana ƙarawa, sai dai mai ɗaukar wahalar ƙarin shi ake tambaya, kuma yana da ikon ya ce a'a.

Da na ji haka sai na yi ta maza na roƙa. Na ce wakena da na mutum uku bai ƙosa ba, ko za a taimaka mana da kwana biyar, tunda ga dusa an riga an saya. Ina faɗa na ji munin maganar a bakina. Buba ya dubi wajen da ake ɗaure jar karsanar, turken yana nan da guntun igiyarsa. Ya ce: "Malam, da ranar nan ka tambaya, da na ba ka. Yau ba ni da abin da zan ba ka."

Bai ɗaga murya ba, kuma har bakin burtali ya rako ni. A hanya raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Na yi shekaru ina koya wa yara cewa talaka yana da ikon ya ƙi, amma ban taɓa tsayawa a gefen wanda aka ƙi ba. Da ɗaci, Baba. Yanzu na gane dalilin da ya sa manya da yawa suka fi son su yi shiru su zarce a kan su tambaya.

Kwana uku ke nan muna tuge wake ɗanye, ni da Hadiza. Abin da ya ƙosa kaɗan ne, sauran harawa ce kawai. Tanko ya daina amsa gaisuwata, sauran biyun suna cewa boko ne ya lalata ni. Na aika wa Buba cewa harawar tasa ce in yana so. Ya aiko da godiya, bai ce zai karɓa ba, bai ce ba zai karɓa ba. Na san ko gonar duka na ba shi ba za ta haifi jar karsana ba.

Jiya na je wurin maigari da magana biyu. Ta farko, daga baɗi igiyar manoma ta daina kwana a ɗakin kowa, a rataye ta a ƙofar masallaci inda mai wucewa zai ƙirga. Ya yarda nan take. Ta biyu, a riƙa tambayar gari wanda suke so ya riƙe ta, kuma a sa masa shekaru. Nan ya yi dariya ya ce ubana ya riƙe ta har ya mutu ba wanda ya yi kuka. Gaskiya ya faɗa. Amma ina so in tambaye ka, ba don raini ba: kai ma ba ka ganin ka zarce? Ko kuwa sa'a gari ya yi da ya same ka, sai muka ɗauki sa'a muka ce tsari ne? Ni dai ɗanka ne, tarbiyyarka ce, na yi karatu, kuma kwana biyu da jar karsana ɗaya aka yi asara kafin in faɗi adadin da na sani. Ban ga dalilin da gari, ko ƙasa, zai jingina abincinsa ga kyawun halin mutum ɗaya ba. Maigari ya ce zai yi shawara da dattawa, ka kuma san tsawon shawararsu.

Na yi kewarka, Baba. Na yi kewar yadda kake barina in gama kuskurena kafin ka yi tambaya ɗaya. Da kana nan da na zo na zauna a ƙasa kusa da ƙafarka, ba sai na rubuta duk wannan ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da abokinka Ardo Manu a Aljanna. Allah Ya mayar wa Buba da abin da ya fi wanda ya rasa, Ya sanyaya zuciyarsa a kaina. Allah Ya ba ƙasashenmu shugabanni masu fito da igiyarsu fili tun ba a sayar da karsanar kowa ba, Ya kuma yafe mini shirun da na yi.

Na mayar da ita ƙusar zaure. Saura ƙulli ɗaya. Gobe bayan asuba zan kwance shi, kuma na ce wa Buba ya fara da gonata.

Ɗanka mai yi maka addu'a kullum,
Lawali